Wa ya zana bangon kaset ɗin nan?

Assalamu alaikum. Ni haifaffen Maraɗi ne, a Bagalam na tashi, kuma zane ne sana'ata. Duk wanda ya sayi kaset na mawaƙan garin nan daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa lokacin da kaset ya mutu, da wuya a ce aikin hannuna bai taɓa kwana a kan rediyonsa ba. Bai san ni ba, kuma ba laifinsa ba ne, don babu sunana a jiki. Labarin rashin sunan nan zan bayar, da yadda aka yi har aka wayi gari an kira ni gaban jama'a saboda bangon waƙa.

Ban yi nisa a lakkol ba. Mushenmu ya sha kama ni ina zana kaminyo a bayan kayen lissafi, da ya gaji sai ya je ya samu Baba ya ce yaron nan hannunsa ya fi kansa son aiki, a nema masa inda zai yi amfani da shi. Baba tela ne, mutum mai tsantseni a addini. Ya kai ni wurin wani mai rubutun alluna a kusa da tasha, ya damƙa masa hannuna, ya ce: “Malam, ga ɗanka nan, amana. Ka koya mishi rubutu da ado, amma ban yarda ya zana mutum ba.” Maigidan nawa ya ce to. A wurinsa na koyi dama fenti da wanke burushi da kananzir, na koyi ja layi ba tare da ma'auni ba, na koyi rubuta kirari a bayan gingimari yadda wanda ke tafe a baya zai karanta shi tun daga nesa ko da ƙura ta tashi. Sharaɗin Baba ya yi mini ciwo a lokacin, don duk yaran shagon zanen fuska suke so su iya. Amma shi ya sa na iya ba da labari da hannu da ƙafa da inuwa da kayan aiki, ba sai na nuna fuska ba.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, fenti ya yi tsada, masu motoci suka rage yin ado, aiki ya ja baya a shagon. Ina cikin neman ɗan abin da zan riƙa sawa a aljihu sai wani mai sayar da kaset a babbar kasuwa ya ce ko zan iya gyara masa takardar da ake sawa cikin kwali. Shi yana da injin kwafe-kwafe, yana ɗaukar waƙar makaɗan gargajiya a gidajen biki, ya juye ta a kaset ya sayar, amma kwalayen fayau suke, da biro yake rubuta suna.

Wanda bai yi zamanin ba zai ɗauka wasa ne. Fuskar takardar ba ta fi santimita 10 a tsaye da 6 da rabi a kwance ba, sai ɗan siririn gefe, sai leɓen da ke lanƙwasawa ta baya. Mu je gidan hoto a ɗauki mawaƙi, in sa reza in yanko shi daga jikin labulen da ya tsaya a gabansa, in manna a farin kwali, in rubuta haruffa da hannu, sannan a kai fotokopi a buga a takarda mai launi, ruwan ɗorawa ko kore. Abin da na fara ganewa shi ne gefen nan siriri ya fi fuskar muhimmanci, saboda mai baro da mai tebur jera kaset suke yi a tsaye, gefen kawai mai saye ke gani. Na biyu, da yawa daga masu sayen ba su karanta boko ba. Manomi ne ya shigo daga Tibiri ko Madarumfa ranar kasuwa, ya sayar da gyaɗarsa, yana son waƙar da ya ji a gidan suna. Ba zai ce a ba shi kaset mai suna kaza ba, cewa zai yi “ba ni mai jan gefen nan” ko “mai hoton kalangu”. Sai na riƙa ba kowane makaɗi launinsa da 'yar alamarsa a gefe, wani lokaci in ƙara sunan da ajami. Mai kaset ya ga ciniki ya ƙaru, ya ƙara mini dala ashirin a kan kowane bango, muka rabu kowa na murna.

Da masu kuɗi suka fara sa hannu a harkar, fotokopi ta daina isa, sai Kano. Mu bi ta Ɗan Isa, mu sha tambayar duwan, mu wuce Jibiya da Katsina, mu isa da yamma a gajiye. A can na fara ganin kwamfuta tana yin abin da nake yi da reza, na zauna a bayan wani yaro da bai kai ni shekaru ba ina kallon yadda yake sarrafa manhajar zane ta CorelDraw har na iya. A can kuma na ga yadda ake raba hoto gida huɗu kafin a buga: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, kowanne da farantinsa. Idan faranti ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, sai ka ga mawaƙi da ido huɗu. Launin da ka gani yana walƙiya a gilashin kwamfuta kuwa, kar ka yi wa mai aiki alkawarinsa, don takarda ba ta da haske a cikinta, dusashewa zai yi. Ranar Maraɗi ma tana da nata hukuncin. Fasta in ta yi 'yan makonni a bangon shago, rawaya da ja su ne ke fara gudu, a bar shuɗi da baƙi, kowa ya koma kamar wanda aka tsoma a marina. Shi ya sa har yau nake kewaye haruffana da baƙin layi mai kauri. Yara na cewa tsohon yayi ne. To, su bari aikinsu ya sha rana ta watan Afrilu tukuna, sai mu yi magana.

Aikin da ya fi zama mini a rai na wani dattijo ne, makaɗin 'yan kokowa. Kowa ya san matsayin kokowa a ƙasar nan. Tun 1975 ake gasar kokowa ta ƙasa wadda ake ba zakaranta takobi, kuma wanda ya fara ɗaukar sa ɗan Maraɗi ne, Kantu, wanda filin kokowar garin ke ɗauke da sunansa. Dattijon nan ya yi shekaru yana wasa 'yan kokowa, muryarsa ta fara shaƙewa, wani Alhaji ɗan kasuwa ya ce zai ɗauki nauyin a naɗi waƙoƙinsa da kyau kafin ƙarfi ya ƙare. Aka kawo mini aikin bango.

Na je fili da yamma lokacin da ake atisaye, na zauna a ƙasa dab da da'irar. Daga nan ba fuska kake gani ba. Ƙafafu kake gani, yatsu sun nutse cikin rairayi, jijiyar sangali ta miƙe, layu na lilo a ƙugu, ƙura na tashi tana rufe gwiwa. Can gefe ga hannun dattijon a kan ganga, fatar yatsunsa ta yi kanta, zoben azurfa ya lotsa saboda duka. Abin da na zana ke nan: ƙafafu huɗu a sarƙe a ƙasan bango, hannu da ganga a sama, tsakaninsu ƙura ruwan ƙasa, sunan makaɗin da farin rubutu. Da fenti na yi shi a babban kwali, sannan aka ɗauke shi a hoto aka rage.

Alhaji ya duba ya juya, ya duba bayan kwalin ko akwai saura.

“Malam mai zane, ina mutanen?”

Na ce: “Ga su nan, Alhaji.”

“Ƙafa nike gani. Ni kuɗina na kashe, ina hotona? Ina na Baba makaɗi?”

Na ce masa ranka ya daɗe, a kan teburin mai kaset akwai fuska ta fi ɗari, kowace da hula da babbar riga, mai saye ba ya bambanta su. Wannan kuwa ko yaro ya hango ya san kokowa ce. Bai gamsu ba. Dattijon ne ya raba gardamar. Ya karɓi kwalin ya kai shi kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna zoben ya ce: “Wanga hannuna ne. Ɗana, har lotsawar ka gani? A bar shi haka, Alhaji.” Aka yi sulhu a kan cewa hoton Alhaji zai shiga ta ciki, inda ake jera sunayen waƙoƙi. Ni kuma a can ƙasan leɓen baya na rubuta sunana da ƙananan haruffa, karo na farko a rayuwata.

Da kwalaye suka dawo daga wurin bugawa, na buɗe ɗaya hannuna na rawa. Inda sunana yake, lambar wayar shagon da zai rarraba kaset ce a wurin. An ce wuri ne ya yi kaɗan.

Kaset ya karɓu sosai, har daga Damagaram da Tawa ana aikowa a saya, kuma “mai ƙafafu” ake kiran sa. Bayan wani lokaci aka yi wani biki na karrama makaɗa, dattijon yana cikin waɗanda aka ba kyauta, kuma wallahi ya cancanta. Ina zaune a cikin jama'a. Mai gabatarwa ya ɗaga kwalin sama ya ce ku dubi wannan aiki, ko a Turai sai haka. Aka tafa. Ya gode wa Alhaji, ya gode wa mai naɗar sauti, ya gode wa wanda ya ba da aron kujeru. Na jira har aka yi addu'ar tashi. Na hau kabu-kabu na koma gida, uwargidana ta tambaye ni yaya taro, na ce lafiya lau. Abin da ya ƙona mini rai, babu wanda ya yi da mugunta. A tunanin kowa bango ba aikin wani ba ne, tare da kaset yake fitowa daga inji.

Daga nan zamani ya juya da sauri. Faifan CD ya zo da bango mai faɗin santimita 12, muka ɗan sarara, ba a jima ba katin waya da Bluetooth suka shigo, masu tura waƙa suka kafa tebur a kowace kwana. Waƙa ta koma suna a cikin jerin sunaye, ba ta da riga. Na koma katin aure, kalanda, allunan shaguna da fastocin 'yan siyasa, da su na ciyar da gida na aurar da ƙannena.

A cikin shekarun nan ne, da intanet ta samu, na fara bin diddigin sana'ar tawa, don in san ko a ko'ina haka ake yi mana. Na tarar su ma Turawa da farko a cikin takarda fayau suke sayar da faifai, sai wajen 1940 wani matashi mai suna Alex Steinweiss ya shawo kan kamfanin faifai na Columbia a Amurka aka fara yi wa faifai bango mai zane. Na tarar kyautar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, tun bikinta na farko a 1959, tana da rukunin bangon faifai. Abin da ya ba ni dariya har da ƙwalla shi ne, a wannan karon na farko sunan mawaƙin aka rubuta a matsayin wanda ya ci, wato Frank Sinatra, alhali wanda ya zana hoton Nicholas Volpe ne. Na ce ashe ciwon ba na Maraɗi kaɗai ba ne. Daga baya dai sun daidaita abin, kyautar ta zama ta wanda ya tsara bangon, ko da mawaƙin ya fi shi suna sau dubu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Lemi Ghariokwu na Legas. Shi ma ba wata makarantar zane ya yi ba, da kansa ya koya. Daga 1974 ya fara yi wa Fela Kuti bango, ya yi masa guda 26, kuma yau ana baje ayyukansa a manyan gidajen nune-nune na duniya. Ba don ya fi kowa iya riƙe burushi aka san shi ba. Yana sa hannu a aikinsa, mawaƙin kuma ya bar sunan a wurin. Da an goge shi kamar yadda aka goge nawa, da yau sai dai a ce “wani yaro ne a Legas”.

Saboda haka da bango ya dawo, na dawo da sharaɗi. Dawowarsa kuwa ta hanyar waya ce. Matasa masu waƙar zamani suka fara sa waƙoƙinsu a Audiomack da Boomplay, kuma can ba a karɓar waƙa tsirara, sai da hoto mai kusurwa huɗu daidai, galibi fiksel 3000 a kowane gefe. Ka yi aiki a babban gilashi, amma mai saurare zai gan shi bai kai kwalin ashana ba. Darasin gefen kaset ne ya dawo: abu ɗaya, launi mai ƙarfi, rubutu kaɗan. Duk yaron da ya zo, nakan ce masa kuɗin aiki kaza ne, kuma sunana zai fito a inda kake rubuta wanda ya yi kiɗa da wanda ya haɗa sauti. Wasu suka ce Baba ya cika son a sani, suka tafi wurin masu yi da waya a jika ɗaya. Na rasa ciniki ba kaɗan ba, har uwargida ta ce suna ake ci ko tuwo? Wasu kuma suka yarda, har suka saba, suka riƙa yi wa sauran masu zane haka ba tare da an roƙe su ba. Nakan kuma tuna wa abokan sana'a cewa hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, ba don mawaƙa kaɗai aka kafa ta ba, zane ma aikin ƙirƙira ne mai haƙƙi.

A tsakiyar 2025 wani yaro da na taɓa yi wa aiki ya shigo shago da waya a hannu, ko sallama bai gama ba. “Kawu, ka ji? Masu Grammy sun ware wa bangon albam kyautarsa daban, daga bikin 2026.” Shekaru da dama bangon yana cikin rukunin da ya haɗa kwali da ɗan littafin ciki da duk kayan da faifai ke zuwa da su, wanda ya sa mai waƙar da ke intanet kawai ba shi da abin nunawa. Yanzu hoton gaba shi kaɗai ya isa a duba. Na ce masa madalla, amma tsakaninmu da Amurka akwai nisa. Ya ce ai ba can yake nufi ba.

Ashe su matasan suna da ɗan taron da suke haɗawa a tsakaninsu, su yi karo-karo, su ba wanda ya fi waƙa da wanda ya fi kiɗa 'yar kyauta. A wannan karon suka ƙara rukunin bango, suka ce ni zan yi alƙalanci tare da wasu mutum biyu. Na ce sai dai kowane bango ya zo da sunan wanda ya yi shi, wanda ba a san mai shi ba a ajiye shi gefe. Nan aka sha kallo, don akwai mawaƙan da sai da suka yi ta buga waya suna tambayar sunan wanda ya yi musu aiki.

Na ga abubuwa iri-iri. Da yawa hoton mawaƙi ne ya jingina da motar da ba tasa ba, bayansa dogayen benaye na wata ƙasa. Wasu kuma ƙirƙirarriyar basira aka sa ta yi, sumul-sumul, ba tabo, amma ka duba rawanin ba irin naɗinmu ba ne, gangar ba a san ƙasar da ake kaɗa ta ba. Ni ban hana kowa amfani da inji ba, ni ma da inji nake aiki, sai dai injin bai taɓa zama a bakin Gulbi ba, dole mai shi ya zauna masa. Wadda ta ci wata yarinya ce ɗaliba, da wayarta ta yi aikin. Waƙar ta wani ne da ya yi wa mahaifiyarsa, ita kuma ta ɗauki hoton faifan kaba da ragowar gero a kansa daga sama, inuwar hannun mai sheƙa ta faɗo a gefe, ta rubuta sunan waƙar da hannunta. Ko an rage shi ya koma ƙanƙani, ka san abin da kake kallo. Da aka kira sunanta ta rufe fuska da mayafi, ƙawayenta suka yi ta guɗa.

Ina shirin sauka sai yaron nan ya riƙe ni ya ce Kawu tsaya. Wani ya fito da tsohon kwalin kaset, gefensa ya tsage, launin ya koma shuɗi-shuɗi. Mai ƙafafu ne. A kayan mahaifinsa ya samo shi. Ya ɗaga ya tambayi jama'a wa ya san wannan, manya da ke wurin suka amsa. Ya ce wa ya san wanda ya zana shi, aka yi tsit. Sai ya faɗi sunana da na Baba, Allah ya jiƙansa, aka miƙo mini takardar yabo a cikin gilashi da ambulan. Abin da ke cikin ambulan bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. An ce in yi magana, na ce Allah ya jiƙan dattijon da ya ce a bar shi haka, daga nan murya ta ƙi fita, na sauka.

Takardar tana rataye a shago. Tun daga ranar, yarinyar nan da wasu samari biyu suna zuwa ranar Asabar ina nuna musu yadda ake ja harafi da burushi, su kuma suna nuna mini abubuwan waya da ban iya ba. Idan kuran ya ɗauke, mu fito waje mu ci gaba a kan kwali.

Akwai roƙon da nake da shi. Ainihin zanen da na yi a manyan kwalaye duk sun tafi, gara ta ci wasu, ruwan da ya shiga ɗakin ajiya wata damina ya gama da sauran. Ko mai ƙafafun ma, wanda ya kawo shi ya koma da abinsa, gadon mahaifinsa ne, hoto kawai na ɗauka. Duk wanda ke da tsofaffin kaset na makaɗan Maraɗi a cikin akwati ko a ƙarƙashin gado, don Allah kar ya zuba wa yara su yi wasa da zaren. Ya duba gefen kwalin, in ya ga 'yar alama, kalangu ko gurmi ko tauraro, da sunan makaɗin da ajami a ƙasanta, nawa ne. Ya kai wa tsofaffin 'yan kaset na babbar kasuwa, sun san inda nake. Ba saye zan yi in riƙe ba, hoto zan ɗauka in mayar wa mai shi, in kuma ya yarda ya sayar, mu yi ciniki.